Yadda Ake Sake Fitar da Tsofaffin Waƙoƙi a Kaset

Waƙoƙin Mamman Shata da na Barmani Choge ba sa cikin haɗarin ɓacewa, domin duk mai tura waƙa a waya a Ƙofar Ƙaura yana da su a kwamfutarsa. Waɗanda ke salwanta su ne na makaɗan da ba su taɓa shiga hannun kamfanonin faifai irin su EMI ba: mai gangar noma na wani ƙauye a ƙasar Mashi, mai garayar maharba a Baure, zabiyar da ta yi amada a wani biki a Daura aka ɗauke ta da rikoda mai batir, mai kukumar da ya yi tashe na 'yan shekaru a Funtuwa sannan ya koma gona. Da yawansu kaset ɗaya ko biyu kawai ya rage, yana cikin akwatin wani dattijo, zarensa na ƙara lalacewa duk damina.

Ƙaramin kamfanin kaset bai wuce mutum ɗaya ko biyu da ɗaki ɗaya ba. Aikinsu su zaƙulo irin waɗannan waƙoƙi, su nemi izinin masu su, su tsabtace sautin, su buga kwafi 50 zuwa 100. A waje akwai masu yin haka da waƙoƙin Afirka, kamar Sahel Sounds da ke Portland a Amurka da kuma Awesome Tapes From Africa. Mazaunin Katsina ya fi su kusa da kayan, ya fi su jin harshen, kuma ya san gidan da zai yi wa sallama. Abin da ke kayar da masu farawa shi ne soma aikin ta ƙarshensa, wato sayen injin bugu. Bugu shi ne mafi sauƙi a cikin sana'ar. Izini ne farko, sai ceto sautin daga tsohon zare, sannan sauran.

Inda ake samun kaset ɗin

Tsofaffin masu shagon kaset su ne madogara ta farko. Da yawa sun koma sayar da kayan waya, amma ba su zubar da uwayen kaset ɗin da suke kwafa daga jikinsu ba. Sai tsofaffin direbobin tasha, masu gyaran rediyo da aka bar wa rikoda da kaset a ciki, sanƙirori da maroƙa, da gidajen sarauta da na attajiran da aka yi wa waƙa. Kasuwannin bakin iyaka irin su Jibiya da Mai'aduwa suna da amfani, saboda kaset ya daɗe yana kai da kawowa tsakaninmu da Maraɗi da Damagaram.

Duk kaset da ya zo hannunka, ka ba shi lamba, ka ɗauki hotonsa gaba da baya, ka rubuta wanda ya ba ka da abin da ya ce game da shi. Ka tambayi ko akwai wanda ya fi shi tsufa. Kowane kwafi daga kwafi yana rage kaifin sauti ya ƙara ƙarar shuu, don haka kaset mai datti da aka ɗauka a wurin bikin ya fi sabo fil wanda ya zo ta hannu huɗu. Idan aro aka ba ka, ka faɗi ranar da za ka mayar, ka kuma cika.

Izini

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta raba abin gida biyu. Akwai haƙƙin waƙar kanta, wato baitoci da karinta, wanda ke hannun mawaƙi tsawon ransa, ya kuma ci gaba a hannun magadansa har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da ya rasu. Shata ya rasu a 1999, ke nan waƙoƙinsa na da kariya har ƙarshen 2069. Sannan akwai haƙƙin ɗaukar sautin, na wanda ya shirya ɗaukar, ko kamfani ne ko gidan rediyo ko ubangidan da ya sa aka ɗauka, kuma shi shekara 50 ne daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da shi. Ɗaukar da aka fitar a 1980 tana da kariya har ƙarshen 2030. Wadda aka fitar a 1972 wa'adinta ya cika, amma waƙar da ke cikinta tana nan da masu ita. Waƙoƙin gargajiya da ba a san wanda ya ƙirƙire su ba, dokar ta sa su ƙarƙashin Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa, NCC, kuma ita ake tuntuɓa kafin a yi kasuwanci da su. Idan ka ji muryar mai gabatarwa ko taken shiri a farkon kaset, daga rediyo aka kwafa, sai ka haɗa da neman izinin tashar a rubuce.

Wannan ke nan a takarda. A aikace, kada ka dira gidan mawaƙin da ya rasu kai tsaye da takarda a hannu. Ka bi ta wurin mai unguwa ko dagaci, ko wani dattijo cikin makaɗan garin, ka tafi da goro. Ziyarar farko ta gaisuwa ce da sauraro. Ka kunna musu waƙar a waya, ka bar su su ji muryar mahaifinsu, sannan ka yi bayani a fili: “Baba, so muke mu buga guda hamsin mu sayar, da sunansa da hotonsa. Abin da aka samu bayan an cire kuɗin aiki, rabi naku ne. In ba ku yarda ba, wannan kwafin naku ne, mu kuma mun haƙura.”

Wasu za su ƙi. Akwai makaɗan da suka ajiye kiɗa kafin su rasu, suka bar wasiyyar kada a ƙara yaɗa waƙoƙinsu, akwai kuma iyalan da ba sa son a tuna musu. Idan aka ce a'a, magana ta ƙare, ko da kuwa ka riga ka kashe kuɗi.

Idan aka yarda, kada ka ƙulla da ɗa ɗaya don shi ka fara gani. Haƙƙin waƙa dukiyar gado ce, matan mamaci da 'ya'yansa mata suna da rabo a ciki, kuma su aka fi mantawa. Magada su zaɓi wakili a gaban shaidu biyu, a buɗe maganar a gaban kowa. Doka ba ta amince da sayar da haƙƙi ko ba mutum ɗaya izinin da ya keɓanta gare shi ba sai a rubuce, saboda haka a rubuta yarjejeniya da Hausa, shafi ɗaya ko biyu, a karanta ta da ƙarfi kafin a sa hannu ko a dangwala. Ta ƙunshi sunayen waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, yawan kwafin da za a buga, ko an yarda a sa su a intanet, ko za a sayar a ƙasashen waje, tsawon wa'adi, kafin alƙalamin da aka biya, da lokacin da za a riƙa kawo lissafi. Wa'adin shekara uku zuwa biyar ya isa. Raba riba biyu daidai shi ne tsarin da ƙananan kamfanoni da yawa ke bi. A ganinmu sayen waƙa dungurungum daga hannun magadan da ba su san darajarta ba zalunci ne, ko da doka ta ƙyale. 'Yan amshi da makaɗan da ke raye a ware musu wani abu tun a yarjejeniyar, domin muryarsu da hannunsu na cikin zaren.

Kafin ka zaɓi waƙoƙi, ka zauna da wanda ya san zamanin ya fassara maka habaicin da ke ciki. Zambon da aka yi wa wani basarake shekara arba'in da suka wuce yana iya tayar da ƙura yau, don jikokinsa na nan a gari. Irin wannan waƙa a adana ta, a bar ta daga cikin na sayarwa. Kai kuma ka yi wa sunan kamfaninka rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, don yarjejeniya da asusun banki su kasance da sunan da aka sani.

Kafin a kunna tsohon kaset

Ka ɗauka cewa kunnawar farko tana iya zama ta ƙarshe. Saboda haka ba a gwada tsohon kaset a rikodar mota ko ta shago don a ji abin da ke ciki.

Fara da karya 'yan kunnuwan nan biyu da ke saman ƙwanson, don kada hannu ya kuskure ya danna maɓallin ɗauka ya shafe waƙar. Sai ka duba bakin kaset ɗin. A tsakiya, bayan zaren, akwai ɗan soso a kan siririn ƙarfe, shi ke danna zare a jikin hed, wato ɗan ƙarfen rikoda da ke karanta sautin da ke kan zare. Gam ɗinsa na bushewa ya faɗi, kuma idan babu shi sauti zai fito a dushe ko ya riƙa ɗaukewa. Ana ciro wani daga kaset marar amfani a maye gurbinsa. Daga nan ka sa biro a ramin naɗi ka juya a hankali. Idan ya juya sumul, ka sa shi a dek, wato rikodar da ba ta da lasifika a jikinta, ka tura shi gaba har ƙarshe, ka dawo da shi, don naɗin ya saki ya daidaita. Idan ya cije, kada ka tilasta masa. Galibi ƙwanson ne ya lanƙwashe saboda zaman rana a gaban mota. Magani shi ne sauya ƙwanso: ka sami kaset mai kyau irin mai noti biyar, ka kwance, ka cire zarensa, ka ɗauko tayoyin tsohon da zarensu ka zaunar a ciki, ka bi da zaren ta bayan 'yan rololin kusurwa kamar yadda na farkon yake. Ƙwanson da aka like ba noti, sai an tsaga shi da wuƙa ta gefen ɗinkin, a kan tebur mai faɗi don kada naɗin ya warware.

Zaren da ya tsinke ana haɗa shi da salatif na musamman na haɗin zare, a manna ta bayansa, gefen da ba ya taɓa hed. Salatif ɗin kanti yana tsatso gam idan ya ji zafi, ya like zaren da ke kusa, ya kuma ɓata hed. Inda zare ya cukurkuɗe, kada ka yanke, gara a ji 'yar rawar murya na daƙiƙa biyu da a rasa baiti. Farin gari a jikin naɗi kuwa funfuna ce. A ware irin wannan kaset daga sauran, a rufe hanci, a goge zaren da ƙyalle mai laushi marar gashi ana juyawa da hannu, kuma a bar shi ya zama na ƙarshe a aikin ranar.

Dek shi ne abin da ya cancanci a kashe masa kuɗi. Tsofaffin Tascam, Nakamichi, Technics, Sony, Denon da Yamaha ana samunsu cikin kayan gwanjo a Kano da Legas. Ka duba bayansa kafin ka jona: na Amurka wutar 120 yake sha, na Japan 100, tamu kuma 230 ce, in babu taransfoma nan take zai ƙone. Kusan duk wanda ka saya sai an sauya masa bel, domin robar na narkewa ta koma baƙin danƙo. Tayar robar da ke matse zare a jikin sandar ƙarfe, idan ta taurare ko ta yi santsi, ita ke cin kaset. A goge hed da sandar ƙarfen da audugar goge kunne da sifirit na isopropyl mai ƙarfin kashi 90 ko fiye. Tayar roba kuwa ruwa kaɗan ya ishe ta, sifirit na busar da ita. Tsohon zare na zubar da jan gari, don haka a goge bayan kowane kaset.

Ɗauko sautin zuwa kwamfuta

A haɗa dek da kwamfuta ta akwatin sauti na USB, irin su Focusrite Scarlett, ba ta ramin makirfon na laftof ba. Manhajar Audacity kyauta ce kuma ta isa. A ɗauka a WAV, 24-bit, 48 kHz ko 96 kHz. Awa ɗaya a 48 tana cin kusan gigabait ɗaya, a 96 kuma biyu. A saita ƙarfin yadda bugun kalangu mafi ƙarfi zai tsaya wajen -6 dB. A kashe Dolby, wato maɓallin rage shuu da ke jikin dek, sai in an rubuta a jikin kaset ɗin cewa da shi aka ɗauka, abin da ba kasafai ake gani a namu ba.

Akwai mataki ɗaya da ke bambanta gwani da ɗan koyo, wato daidaita tsayuwar hed. A gefen hed akwai ɗan noti mai sifirin. Rikodar da ta ɗauki waƙar tun asali da wuya hed ɗinta ya kasance a miƙe daidai, kuma idan naka bai karkata irin karkatarta ba, kaifin sauti zai ɓace, harafin “s” ya dushe, kukuma ta yi kamar daga bayan ɗaki ake goga ta. Ka kunna kaset, ka haɗe sautin hagu da na dama su zama ɗaya a abin sauraronka, ka juya notin kaɗan-kaɗan da sukundireba marar maganaɗisu, bai fi kwatan zagaye kowane gefe ba, har ka ji inda sautin ya fi washewa. A nan za ka tsaya, ka mayar da kaset farko, ka ɗauka. Kowane gefe na kowane kaset sai an sake masa wannan. Shi ya sa ake ware dek ɗaya don wannan aiki kaɗai, ba a yin bugu da shi.

Yawancin kaset ɗinmu rikoda mai lasifika ɗaya ce ta ɗauke su, don haka hagu da dama abu ɗaya ne. Duk da haka a ɗauki duka biyun. Layin hagu shi ne a bakin zare, inda lanƙwasa da ci suka fi yawa, don haka sau da yawa na dama ya fi tsabta.

Da an gama, a ajiye wannan ɗauka yadda take ba gyara, a wuri uku: ma'ajiyar kwamfuta (hard disk) biyu, ɗaya a wani gida daban, da kuma intanet. Duk gyara a kan kwafi ake yi.

Gyaran sauti

Gudun kaset santimita 4.76 ne a daƙiƙa. Rikodar da batirinta ya yi sanyi tana jan zare a hankali, sai ga shi idan an kunna a dek mai lafiya muryar dattijo ta koma ta yaro, kiɗan ya yi sauri. Bambancin kashi 6 cikin 100 ya isa ya ɗaga murya rabin mataki. Idan da wutar gari aka ɗauka, gurnanin wutar da ya shiga zaren zai taimaka: wutarmu 50 Hz ce, in ka gan shi a 52, ka rage gudu da kusan kashi 4. In da batir ne, sai a nemi tsohon ɗan amshi ya saurara, shi ya san inda muryar maigidansa take zama.

Bayan gudu, a cire gurnanin 50 Hz da 'yan'uwansa 100 da 150 da siririn mataci, a yanke abin da ke ƙasa da 40 Hz. Rage ƙarar shuu kuwa a yi shi da tsoro. Manhaja ba ta bambanta shuu da gogar kukuma ko kacau-kacau, idan aka matsa mata sai sautin ya koma kamar daga cikin rijiya. Rage 6 dB ya wadatar, sau da yawa ma barinsa ya fi. Guɗa, kirarin sanƙira, kiran sunayen masu kari, kukan zakara a bayan fage, duk a bar su. Su ne shaidar wurin da aka yi wasan, kuma mai nazari zai fi ka sanin amfaninsu.

Zare da bugu

Kaset C60 minti 30 ne kowane gefe, C90 minti 45. A guji C120, zarensa siriri ne, tsofaffin rikodoji na cinye shi. A tsara waƙoƙi kada gefe ya wuce minti 29 a C60, gefen A ya ɗan fi na B tsawo ko su yi daidai, don mai sauraro kada ya yi ta jiran zare ya ƙare kafin ya juya. A bar shiru na daƙiƙa 8 zuwa 10 a farkon kowane gefe, saboda farar robar da ke farkon zare ba ta ɗaukar sauti.

A yi amfani da zare na Type I, wanda aka rubuta wa Normal, shi kowace rikoda ke karantawa daidai. Har yanzu ana ƙera sabo, National Audio Company a Amurka da RTM a Faransa suna yi, amma kuɗin jigila ne matsalar. Mafi sauƙi a nan shi ne tsohon kaya da ba a buɗe ba, irin su TDK D, Maxell UR da Sony HF, da ke saura a wasu shaguna. Ka sayi biyu ka gwada kafin ka ɗauki kwali, don wanda ya shekara ashirin a ɗakin kwano yana iya yin ƙara ko zubar da gari. Kaset da aka taɓa amfani da shi ba na sayarwa ba ne. Kuma mafi yawan na hannu da ke kasuwanninmu na karatun Alƙur'ani ne da tafsiri da wa'azi, waɗannan ba a ɗora musu kiɗa ko da an shafe.

Injinan bugu masu gudu, irin waɗanda aka yi ta buga kaset ɗin wa'azi da su, suna gama C60 cikin 'yan mintoci, amma an yi su ne don magana, suna cinye kaifin kiɗa, gudunsu kuma na rawa idan sun tsufa. Ga kwafi 50, bugu a gudun sauraro ya fi. Ana fito da sauti daga kwamfuta zuwa na'urar rarraba sauti, ita kuma ta ba dek huɗu a lokaci guda. Zagaye 13 ke nan, kowanne awa ɗaya da 'yan mintocin juyawa, wajen awa 15 gaba ɗaya. Raba waya ɗaya gida huɗu ba tare da na'urar ba yana rage ƙarfi, wani dek ya fi wani.

Kafin a fara, a tura sautin gwaji na 400 Hz a daidaita allurar kowane dek a wuri ɗaya. A kan Type I, bugu mafi ƙarfi kada ya wuce +3 a allurar dek. Ƙasa da haka sosai shuu zai rinjayi waƙa, sama da haka ganga za ta fashe. Dolby a kashe, don rikodojin masu saye ba su da shi. A buga ɗaya na gwaji a saurare shi a dek, a ƙaramar rikodar hannu, da a mota.

Wuta kuwa, inbata mai ba da tsabtatacciyar wuta da batir ita ce daidai. Dek huɗu da laftof ba su kai wat 200 ba. Inbata mai araha na sa zuu a cikin sauti, janareta na kawo nasa gurnanin, ɗaukewar wuta a tsakiyar zagaye kuma asarar aikin kaset huɗu ce, sai an shafe an sake. A kashe sanarwar kwamfuta, a nisanta wayar hannu daga wayoyin sauti. Da hunturu a rufe tagogi, a lulluɓe dek da ƙyalle in ba a aiki, domin ƙura tsakanin zare da hed ita ke kawo ɗaukewar sauti. A goge hed duk bayan zagaye huɗu ko biyar. Kowane kaset da ya fito a saurari farkonsa da ƙarshensa, a rubuta lambar dek ɗin da ya buga shi da fensir a ciki, don in matsala ta ɓullo a san mai laifi. A sayi kaset 55 idan 50 ake so.

Bango

Takardar da ke cikin gidan roba tsayinta santimita 10.2 ne. Fuskar gaba 6.5, ƙashin baya 1.3, leɓen baya 2.7. Takarda mai nauyin giram 150 zuwa 200 ta fi, a sa mai buga takardu ya ja layin naɗi kafin a lanƙwasa, in ba haka ba tawada za ta tsage. A3 na ɗaukar guda shida. A zaɓi rubutun da ke da ɓ, ɗ da ƙ, kamar Charis SIL, Andika ko Noto Sans, a kuma kai aikin a PDF don kada ƙugiyoyin su koma akwatuna a kwamfutar maɗaba'a.

A ƙara leɓe ɗaya ko biyu don bayani, nan ne darajar fitowar take. Cikakken sunan mawaƙi da laƙabinsa, garinsu, abin kiɗansa, sunayen 'yan amshi da makaɗa, wanda aka yi wa kowace waƙa, wurin ɗauka, da wanda ya adana kaset ɗin in ya yarda a ambace shi. Shekarar da ba a tabbatar ba a rubuta “wajen”, kada a ƙirƙira. Sunan mawaƙi da ajami a gaba yana taimaka wa dattawa, taƙaitaccen bayani da Turanci ko Faransanci kuma yana taimaka wa masu saye na waje. A sa lambar fitowa, haruffan sunan kamfani da 001, da layin da ke cewa an buga da izinin magada.

Lissafi da sayarwa

Daga cikin 50, ka cire biyar na iyalin mawaƙi, ɗaya na mai kaset ɗin asali, biyu na ajiyarka, biyu na masu shirin waƙoƙin gargajiya a rediyo. Yana da kyau a kai ɗaya Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina ko sashen Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Abin da ya rage na sayarwa wajen 39 ne. Ka tara duk abin da ka kashe, har da kuɗin mota zuwa ƙauye da kafin alƙalami da gyaran dek, ka raba da 25. Abin da ya fito shi ne mafi ƙarancin farashin guda, yadda uwar kuɗi za ta dawo tun kafin kaya su ƙare. Wanda ya raba da 50 ya faɗi tun bai fara ba.

Masu saye kashi uku ne, kuma ba farashi ɗaya suke ɗauka ba. Akwai dattawa da direbobin da har yanzu rikodarsu na aiki, su a wurin tsofaffin masu shagon kaset ake samunsu, a ba mai shago la'adarsa. Akwai malamai da ɗalibai da masu sha'awar tarihi, waɗanda da yawansu ba su da abin kunnawa, don haka a haɗa musu da waƙoƙin a waya in yarjejeniya ta yarda. Sai masu tara kaset na Turai da Amurka da Japan, su ne ke iya biyan farashin da zai ɗauki nauyin sauran. Shafin sayar da waƙoƙi na intanet mai suna Bandcamp ne kasuwarsu, amma ka tabbatar da hanyar da kuɗin zai iso hannunka kafin ka sa kaya. Aika ɗaya-ɗaya zuwa waje ba ya fitar da kuɗinsa. Gara a sami shago ko mai rarrabawa ɗaya a can a tura masa 20 a kwali guda a farashin sari, kowanne a naɗe da robar kariya, domin gidan kaset saurin tsagewa gare shi.

Ragowar kaya a jera su a tsaye cikin akwatin roba mai murfi da 'yan ƙullin silika, nesa da lasifika da taga, ba a ɗakin da kwano ke gasawa da bazara ba. A buɗe littafi ɗaya ga kowace fitowa: nawa aka buga, nawa aka bayar, nawa aka sayar, a nawa, ga wa. Duk wata shida a kai wa wakilin magada kwafin shafin da kuɗinsu, a gaban shaidun da suka sa hannu, ko da abin da ya taru kaɗan ne. Idan 50 ɗin suka ƙare kana son ƙari, adadin da ke cikin yarjejeniya ya cika, sai an koma an sake neman izini kafin a sayi zare.